Makullin Kaka da Tsohon Burushi

"Lafiya lau, amarya. Sai yanzu aka ga damar tashi?"

Kaka ne tsugune a gaban motarsa, da bokiti da tsummoki. Tun da idonsa ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, amma fa ko me za a yi, kullum safiya sai ya wanke wili huɗun nan, ya jingina wa tayoyi kwali kada rana ta tsattsage su. 'Ya'yansa sun ce a sayar da motar a huta, abin kuwa yana ci masa rai. Jikarsa, wadda ta karɓi lasin tuƙi kwanan nan, ta zo ta tsaya a kansa.

"Angona, motar da ba ta zuwa ko'ina, me ke ɓata mata ƙafa?"

"Ƙurar sharar ganin damar da kike yi."

"Ba ni makulli in kai ta ta sha iska. Ta gaji da ganin fuskarka."

"Ke? Wadda ta kankare min wili da soson ƙarfe kamar gindin tukunya? Ranar saura ƙiris in sake ki."

"Sake ni mana. Wa zai kwashi tsoho mai haƙori biyu?"

"Uku ne."

"Na ukun girgiɗi yake yi, ba na sa shi a lissafi."

Kaka ya ja tsaki, ya ɗauki tsumma zai goge ƙofar motar. Caraf ta riƙe masa hannu.

"Wannan na wili ne, tsoho. Duk ƙurar birki ce a jiki, za ka zane fenti."

Ya kawo tsumman kusa da ido. Gaskiyarta. Shekara da shekaru bai taɓa musanya tsumman wili da na jikin mota ba sai yau. Ransa ya sosu, ya ajiye tsumman.

"Gwada ki nake yi."

"Na sani," ta ce a hankali.

"To, kin dawo daga tafiya, wili da zafi. Sai me?"

"Sai ya huce kafin ruwa ya taɓa shi. Kwali kuma ta ɓangaren rana. Ai da faɗa ka koya min."

Kaka ya laluba aljihu, ya fito da makulli, ga wani tsohon burushin haƙori ɗaure da shi.

"Ungo. Wannan na shiga lungun notuna ne."

"Gara haka. Da ma ba shi da aikin yi a bakinka."

Kaka ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa.

"Kin ci, ja'ira. Ɗauko min hulata, gaba zan zauna. Ki kuma faɗa wa iyayenki motar nan ta yi mai ita."