Ranar da Cikin Farfesa Ya Karɓi Lasifika

A cibiyar binciken da ke ƙarshen layinmu, Allah Ya yi mana baiwar wani babban masani. Ɗalibai suna kiransa Sarkin Jijiya a bayan idonsa. Da labarin ya iso masa, sai ya sa aka rubuta sunan a ƙofar ofishinsa. Mutum ne mai sauƙin kai. In ka gaishe shi yakan amsa, muddin ka haɗa da Farfesa.

Aikinsa shi ne binciken yadda jijiyoyin hanji ke lalacewa, da yadda ciki da ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. Abokan aikinsa kullum suna duƙe a kan na'ura, suna cewa da saura. Shi kuwa ya gama tun tuni. Farar rigarsa ma shaida ce, don ba a taɓa ganin ɗigon komai a jikinta ba.

Yakan ce wa ɗalibai, yana shafa tumbi: "Duk cikin da ke kuka a gaban jama'a, jijiyoyinsa sun raunana, mai shi kuma matsoraci ne. Irin wannan ko gadin ƙofa bai dace da shi ba, balle shugabanci. Ni nawa ba ya motsi sai ya nemi izini."

Ana nan sai shugaban cibiyar ya yi ritaya, aka turo kwamitin zaɓen magaji. Sauran masu nema suka shirya takardu. Sarkin Jijiya ya ce takarda ta masu shakka ce. Shi zai manna na'urar sauraro a cikinsa, a haɗa da lasifika, kowa ya ji yadda hanjin shugaba ke natsuwa.

Don kada a samu matsala, ya daina cin abinci tun jajibiri.

Da safe matarsa ta ce, "Baban yara, ka ɗan sa wani abu a bakinka mana."

Ya ce, "Hajiya, cikin da babu komai a cikinsa, me zai faɗa? Wannan ilimi ne, ba girki ba."

Zaure ya cika. Ya maimaita wa kwamiti hukuncinsa a kan matsorata, har ya roƙi a rubuta. Aka rubuta. Ya ɗaga riga, ya manna na'ura, ya umarci a ƙure murya. Sannan ya dubi fuskokin 'yan kwamiti. Babu mai murmushi. Gumi ya ɗan tsattsafo masa.

Da farko wani siririn sauti ne, kamar ƙofar da ke son mai. Sai ya yi kauri. Sai ya zama kamar ana jan tebur a saman bene. Wani dattijo a kwamiti ya leƙa taga, ko hadari ne.

"Lasifikar ce!" in ji Farfesa.

Cikin ya amsa masa, da ɗan tsawo, har da tambaya a ƙarshe.

Ba zan ce an yi dariya ba. Mutane dai sun yi ta neman wani abu a ƙarƙashin kujerunsu.

Kwamitin ya yaba ƙwarai. Suka ce ba su taɓa ganin masanin da ya tabbatar da bincikensa a jikinsa haka ba, don haka sun karɓi hukuncinsa duka, ba su rage ko kalma ba.

Maigadin cibiyar ma ya samu kwanciyar hankali, tunda kujerarsa tana cikin waɗanda Farfesa ya haramta wa kansa.