Rasuwar Jan Keke a Ƙarƙashin Kanta

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya ƙi lafawa, Baba Direba, wanda ya ajiye tuƙi shekara tara da suka wuce, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙaramin jan keken gidansa. Marigayin ya cika ne ranar Talata da hantsi a cikin gareji, yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin mai haƙuri ne. A bayansa 'ya'yan gidan uku suka koyi tuƙi, kowannensu ya kayar da shi a kwata, bai taɓa riƙe su a zuciya ba. Kacarsa takan zame idan an matsa masa, wannan kaɗai ne aibinsa. Da girma ya zo masa sai aka jingine shi, har Allah Ya kawo jika, 'yar wajen babbar 'yar Baba, mai shekara shida, wadda kakan ke kira Hajiya Ƙarama. Ita ta dawo masa da ƙuruciya. Duk Talata uwarta takan kawo ta, kuma tun daga ɗaki Baba yakan san sun iso, don ƙararrawar keken take fara kaɗawa: kirin-kirin, kirin-kirin.

Marigayin bai yi jinya ba. Mai jinyar ita ce kantar katakon da ke samansa, wadda Baba ya kafa da hannunsa, da ƙusoshi shida a jikin bulo. Yana alfahari da ita ƙwarai. Kuma da yake shi mutum ne mai kaffa-kaffa da yara, duk abu mai haɗari can sama yake kai shi, inda hannunsu ba zai kai ba: tsofaffin baturan mota biyu, jak, gwangwanayen fenti, da akwatin sifanu da mutum ɗaya ba ya ɗagawa sai da nishi. Wata uku kantar tana cewa ƙiii duk sanda aka rufe ƙofa. 'Yarsa ta yi magana har sau biyu, ya ce mata katako dama yakan yi kuka idan damina ta shigo. Shi da ya yi shekara talatin yana gane ciwon mota daga ƙararta, sai ga shi ya kasa jin wannan.

Ranar ana yayyafi, don haka yarinyar ta hau keken a inda yake jingine, tana murza feda tana tafiyar da babu inda za a je. Sai haƙorinta da ke girgiɗi ya fita. Ta diro da gudu ta kai wa kakanta. Yana cikin duba haƙorin a tafin hannunsa, yana tsokanarta cewa shi ba ya auren mai giɓi, sai gidan ya amsa: rugum! Daga ƙarƙashin kayan kuma aka ji kirin, sau ɗaya.

Batir ɗaya a kan sirdin ya sauka. Baba ya koma daga baya da tef ɗin awo, ya auna daga sirdi zuwa inda kan yarinyar yake kaiwa idan ta zauna, abin da har yanzu bai san me ya sa ya yi ba. Tun ranar tsoro bai sake shi ba. Cokali ya faɗi a kicin sai ya miƙe tsaye. Yakan ji kirin ɗin nan ɗaya da rana tsaka, alhali ƙararrawar ta lotse. 'Yarsa ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki ɗiyarta ba tare da ta bari ta leƙa garejin ba, ta ce ba za ta sake kawo ta ba sai ta ga bangon nan wayam. Talata biyu ke nan gidan shiru.

Marigayin ya rasu ya bar famfon iska da suka yi zaman amana, da tsani mai gajeriyar ƙafa, da tayoyi huɗu da aka ce za su yi amfani wata rana, da sauran kantoci biyu waɗanda yanzu ba a yarda da su ba.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, a cikin buhu, ta ƙofar baya, inda mai sayen tsofaffin ƙarfuna zai karɓe ta. Daga nan za a sauko da duk wani abu mai nauyi zuwa ƙasa, a kulle fenti a kabad, a cire kantocin. Za a karɓi gaisuwa a bakin gareji, kuma mai zuwa ya zo da guduma ko ƙarfin hannu. Baba yana roƙon 'yarsa ta halarta ko da na minti biyar ne, ta duba bangon da idonta.

Wanda ya haɗu da yarinyar, don Allah kada ya yi mata ta'aziyya. Ita dai an ce mata keke yana wurin gyara. Jiya ta aiko uwarta ta faɗa wa Kaka ya sa a ɗaga mata sirdin, wai ta ƙara tsawo.