Malam Tunau da Farin Gashin Shamuwa

A wani daji da ke bakin tafki akwai wata tasha, inda shamuwoyi ke ɗaukar ƙananan dabbobi su tsallake da su hamada zuwa ƙasashen arewa. Tafiya ce mai nisa, idan an tashi da hantsi ba a sauka sai rana ta yi ja. Wurin zama iri biyu ne a bayan kowace shamuwa. Akwai gindin wuya, inda gashi ke da laushi kamar auduga, iska kuma ba ta kaiwa can. Akwai gindin wutsiya, inda ake cusa fasinja kafaɗa da kafaɗa, kowa ya riƙe abin da hannunsa ya samu.

Cikin 'yan gindin wutsiya akwai wani dattijon damo, Malam Tunau. 'Yarsa guda ce a duniya, Kyauta, aure ya kai ta bayan hamada, shi ya sa duk kaka idan ya gama girbi yakan je ya dubo ta. Bai taɓa kuka da matsi ko iska ba, damo ai sarkin haƙuri ne. Abin da ya shiga ransa ya zauna ba a sama ya gan shi ba, a ƙasa ne.

A gefen tashar, ƙarƙashin wata tsamiya, an kewaye wuri da zana, ana ce masa Rumfa. Fasinja na jira cikin rana, 'yan Rumfa na jira cikin inuwa. Zanar ta tsufa, tana da 'yan kafofi, Malam Tunau kuwa yakan raɓe ya sa ido. Yakan hango randa tana naso, da faifan soyayyiyar fara, da wani zomo kishingiɗe yana gyangyaɗi kamar ba tafiya ce a gabansa ba. Wani lokaci Belbela, mai kiran fasinja, takan leƙa ciki ta ambaci sunan wani, ta ce wuri ya ragu a gindin wuya, ya taso. Wanda aka kira yakan miƙe a hankali, kamar an dame shi.

Wata rana Malam Tunau ya yi ƙarfin hali ya tambayi Hawainiya, mai gadin ƙofa, yadda ake shiga. Ta dube shi da ido ɗaya, ɗayan yana kan hanya ko wani babba zai ɓullo.

Ta ce, "Baba, ba sayar da shiga ake yi ba. Wanda ya yawaita tafiya da mu, shamuwa kan tsige farin gashi daga ƙirjinta ta ba shi. Mai farin gashi shi ke shiga nan. Idan kuma Allah ya sa wuri ya ragu a gaba, cikinsu ake kira."

"Yawa kamar yaya?"

"Idan ka kai, za a faɗa maka."

Daga nan tafiyar Malam Tunau ta sake. Da sau ɗaya yake zuwa a shekara ya yi wata guda. Yanzu ya koma zuwa da kaka, da rani, da bazara, ya kwana biyu ya juyo, don komowa ma tafiya ce. Rumbunsa ya riƙa raguwa, tunda hatsi ake ba shamuwoyi. Ran nan yana haɗa kaya zai baro gidan 'yarsa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, da kana zuwa sau ɗaya muna ganinka. Yanzu kana ta zuwa, ba ma ganinka." Ya yi dariya ya ce zuwa da kai ya fi aike, ya kama hanya. Maganar ta bi shi har tasha, amma da ya hango tsamiya sai ta sake shi.

Mai nema yana tare da samu. Bayan shekaru aka miƙa masa farin gashi, ya kai gida ya soke shi a jikin bango, yana tashi yana dubawa. Ba a jima ba labari ya zo cewa ƙwan Kyauta sun ƙyanƙyashe. Matarsa Tabawa, wadda ba ta taɓa hawa ko kan jaki ba, ta ce wannan karon da ita za a je.

Ta ce, "Malam, ina tsoron abin nan. Amma jikoki ba a ganinsu da kunne. Kai dai ka zauna kusa da ni."

Ya ce, "To ina zan je? Sama ce fa."

Da suka isa tasha, Hawainiya ta ga farin gashi a hularsa, nan take launinta ya koma kore shar, ta rusuna. Da ta ga Tabawa a bayansa sai ta koma ruwan toka, ta ce gashi ɗaya, kai ɗaya. Tabawa ta ce ya shiga, ita za ta zauna da kaya. Ya shiga.

Rumfa cike take maƙil. Kowa da farin gashi a ka. Randa saura laka a gindi, faifan fara ba komai sai ƙafafu, wurin zama kuwa babu, sai ya tsaya jikin zana, daidai inda ya saba tsayawa ta waje. Ba mai hira da wani, kowa ya karkata kunne ga ƙofa ko Belbela za ta kira shi. Ashe ranar aka sa don taron 'yan Rumfa, saboda ƙorafi ya yi yawa. Kurege, wanda ya fi kowa daɗewa a ciki, ya hau saiwar tsamiya ya gyara murya.

Ya ce, "'Yan'uwa, ni ba na ƙin kowa. Amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Lokacin da na fara shiga nan, idan ka yi tari sai ka ji amsa daga can bango. Yau ka ɗaga ƙafa, kafin ka mayar wani ya sa tasa. Da ana kirana gaba kusan kowace tafiya. Bana kuwa wutsiya na sha, ni da gashina, kusa da wani kwaɗo mai ɗauke da daddawa. Ban ce shamuwoyi su daina ba da gashi ba, ƙirjinsu ne. Na ce dai inuwar da ta ishi kowa ba inuwa ba ce, hadari ne."

Aka yi ta gyaɗa kai. Bushiya ta miƙe ta ce ita ba ta damu da cunkoso ba, don ba mai matse ta, amma a duba batun fara. Sai Belbela ta fito cikin fararen kayanta, a madadin shamuwoyi.

Ta ce, "Mun ji kukanku, kuma ku ne ƙashin bayanmu. Ba za mu karɓe gashin kowa ba. Za mu ja wata zana a cikin wannan, daga gindin tsamiya zuwa can, mu sa sabuwar randa. Wanda ya ƙara ƙwazo za a ba shi baƙin gashi daga fiffike, ya shiga ciki. Kira gaba kuma daga can za a fara, abin da ya ragu naku ne."

Kowa ya yi murna, domin kowa ya ɗauka shi ne zai shiga. Aka kawo shawarar a sake zanar waje da sabuwa mai kauri, don 'yan leƙe sun yi yawa. Nan Malam Tunau ya ji bakinsa ya buɗe ba da shirinsa ba.

Ya ce, "Ku gafarce ni, yau na fara shigowa. Na daɗe a bayan zanar nan. Wanda ke cikin rana, idan ya hango randa, ko bai sha ba yakan ji sanyi a ransa. Ni abin da ya riƙe ni ke nan. Ina roƙo a bar musu kafofin."

Can Kurege ya tafa. Ya ce, "Dattijo ya fi mu hangen nesa. In ba a ganinmu, me muke yi a nan?" Aka amince baki ɗaya, har wasu suka ce a ɗan ƙara faɗinsu. Malam Tunau yana so ya ce ba haka yake nufi ba, sai ya ji Belbela ta ambaci sunansa. Wani babban zomo ya fasa tafiya, wuri ɗaya ya ragu a gindin wuya, rabo kuma ya faɗo kan sabon shiga.

Ya fita wurin Tabawa da gudu-gudu. Ta rufe kanta da gefen zane saboda rana. Ya faɗa mata, sannan ya tambayi Belbela ko za a bar matarsa ta zauna a madadinsa. Aka ce wanda aka kira shi aka kira. In ba ya so, akwai masu jira. Da gaske kuwa akwai, sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallon bakinsa.

Tabawa ta dube shi ta daɗe. Ta ce, "Je ka, Malam. Shekara nawa kana jiran wannan kira." Ya tsaya ko za ta ƙara wani abu da zai hana shi. Ba ta ƙara ba. Ya tafi.

Laushin dai gaskiya ne, ba a yi masa ƙarya ba. Ya nutse cikin gashi har wuya, aka kawo masa ruwa mai sanyi da fara har da kawunanta. Gabansa ƙeyar shamuwa, bayansa labulen gashi da aka saki don kada 'yan baya su dami 'yan gaba. Maƙwabcinsa ya yi barci tun kafin a tashi. Da rana ta take, shamuwar ta yi wata girgiza, ta nutsa ta taso. A gaba abin bai wuce rawar shimfiɗa ba, amma Malam Tunau ya san yadda irin wannan take a wutsiya. Ya kai hannu zai ɗaga labule, aka ce masa a hankali ba a ɗagawa. Ya koma ya kwanta, idonsa biyu, yana tunanin ko wa ke kusa da ita.

'Yan gaba aka fara saukewa. Ya tsaya a fili yana jira har 'yan wutsiya suka gangaro ɗaya bayan ɗaya. Tabawa ce kusan ƙarshe, idonta ja, ɗankwalinta ya tafi da iska, tana dafe da wata gafiya mai tallan kuka.

Ta ce, "Malam, gai da Lantana. Ita ta riƙe ni da guguwa ta taso." Ya gaishe ta, ya yi godiya, bai iya haɗa ido da ita ba.

A gidan Kyauta, jikoki na hawa jikinsu, aka tambaye su hanya. Tabawa ta ba da labarin kogin da ya koma kamar zare, da ayarin raƙuma kamar jerin tururuwa, da wata rijiya ita kaɗai a tsakiyar rairayi da dabino kewaye da ita, da yadda suka yi ta salati ita da Lantana har suka koma dariya. Kyauta ta juya ta ce, "Kai fa, Baba, me ka gani a gaba?"

Ya ce, "Akwai laushi."

Tabawa ta ce wata biyu za ta yi. Shi ma ya ce zai zauna, ya kuma yi niyyar haka har cikin zuciyarsa. Amma kafin mako ya zagayo aka gan shi a tashar garin, yana tambayar wata hawainiya ko baƙin gashi yana shigar da mutum biyu. Ta ce idan ya kai, za a faɗa masa.

Masu lura da al'amuran sama dai sun ce har yau ba a ga shamuwar da wuyanta ya sauka a wani gari, wutsiyarta a wani ba.