Baƙon Japan da Kwanon Tuwo

Wani ne a ƙauyukan Bunkure, can bakin babbar hanyar ruwa. Manomin shinkafa ne na gaske, rani da damina gonarsa kore shar, rumbunsa a cike. Amma fa rowa, Allah Ya kiyaye. Idan ka yi sallama yana cin abinci, sai ya rufe kwano ya fito yana sakace, wai ka makara. Kajin gidansa ma a maƙwabta suke kiwo, ƙwai kawai ke dawo da su gida.

To sai zaɓen shugaban ƙungiyar masu ban-ruwa ya zo, wato wanda zai riƙa raba wa manoma ruwa idan an saki. Mutuminku ya ce shi ma yana so. Abokin takararsa, Mudassiru, bai wahalar da kansa da yawon neman ƙuri'a ba. Magana ɗaya yake yi a kowace majalisa: mutumin da ko ruwan wanke hannu sai ya auna, idan aka damƙa masa ruwan gari, ai sai dai tumatirinmu ya yi taimama.

Maganar nan ta ƙona masa rai. Yana son kujerar, yana son a daina kiransa marowaci, amma ba ya son buɗe rumbu.

Ana cikin haka malamin gona, Malam Lukmanu, ya zo da labarin cewa wani masanin shinkafa daga Japan zai zo ganin gonakin rani, ana neman gidan da zai ci abincin rana. Kafin ya rufe baki mutuminku ya ɗaga hannu. Majalisa duka ta juyo tana kallonsa. Wani dattijo har ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ashe da lissafinsa. Da ya koma gida matarsa Hawwa ta tambaya buhu nawa za a fasa, sai ya yi mata dariyar masu ilimi. Ya ce shi ya san mutanen Japan ciki da waje, domin injin ban-ruwansa ƙirar can ne, shekara da shekaru suna tare. Kuma ya sha ganinsu a wayar mutane.

“Ke ba ki san su ba,” in ji shi. “Mutanen nan ba cin abinci suke yi ba, kallonsa suke yi. Shinkafa kamar ɗan yatsa, ba mai ba yaji, a ɗora mata ɗanyen kifi, a ɗauka da tsinke biyu, shi ke nan an ƙoshi. Ko asarar itacen girki ba sa yi. Idan nishaɗi ya kama su sai gari guda ya fita kallon furen bishiya, bishiyar ma ba a cin 'ya'yanta. Daga nan su je su jiƙa kansu a ruwan zafi kamar kazar da za a fige. Wannan ai baƙo ne na rufin asiri.”

Kun dai san al'adarmu: baƙon da ya ƙoshi shi ke rage abinci, wanda ya sharɓe kwano tas kuwa an bar shi da yunwa, kunya ta hau mai gida. To dabarar mutuminku ita ce a kawo malmala ɗaya, baƙo ya gutsiri gefe, a ɗauke kwano da saura a gaban dattawa, sunan rowa ya goge a kan farashin malmala ɗaya. Don haka ma ya ƙi zaure, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, inda kowa zai gani.

Ranar ta zo. Dattawa suka jeru a inuwa, Mudassiru ya zauna a gaba-gaba kamar shi aka gayyata. Baƙo ya sauko daga mota, ɗan siriri, ga tabarau, ga kyamara a wuya. Mutuminku ya dubi cikin baƙo a shafe, ya yi hamdala.

Tun daga gaisuwa aka fara. Baƙo ya sunkuya. Mutuminku ya ga ba zai bari baƙo ya fi shi ladabi a gaban jama'a ba, ya rusuna. Baƙo ya ƙara sunkuyawa. Mutuminku ya tsuguna. Baƙo ya naɗe kansa biyu, tabarau na neman faɗuwa. Mutuminku ya zube gwiwa biyu. Sai da wani dattijo ya ce a raba su kafin su haƙa rijiya. Da aka iso tabarma, baƙo ya cire takalmansa ya jera, ya kuma bi na dattawa ɗaya bayan ɗaya ya jera su tsaf, har da silifas ɗin Mudassiru mai ƙusa.

Ana zama aka kira Malam Lukmanu, wai motarsu ta yi faci, sai an kai taya garin Kura. Ya ce yanzun nan zai dawo. Shi kaɗai ne mai jin Turancin baƙo, ya tafi da shi a bakinsa.

Aka kawo malmalar tuwon shinkafa da miyar taushe. Baƙo ya ɗauki hoton kwano, ya haɗa tafin hannu ya faɗi wani abu, ya sa cokali. Mutuminku na jiran ya gutsiri gefe ya ajiye. Ina. Bawan Allah ya ci gefe, ya ci tsakiya, ya ci ɗaya gefen, ya kankare kwano. Wani ɗan guntu da ya faɗi a tabarma ma ya tsince shi. Sannan ya ɗaga kwanon yana murmushi, ya nuna wa jama'a cikinsa fes.

Mudassiru ya yi gyaran murya. “Allah sarki. Daga Japan har nan, a kan malmala ɗaya.”

Mutuminku ya faɗa gida da gudu ya ɗauko rabonsa da na Hawwa. Baƙo ya ga kwano na biyu, idonsa ya fito, ya shiga kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Mutuminku ya ce ai ya gane, yaji ne ya kama shi yake fifita, ya sa aka damo fura kwarya guda. Baƙo ya dubi tuwo, ya dubi fura, ya dubi sama. Ya ɗauki hoto. Ya cinye tuwo, ya shanye fura, ya kifa ludayi.

Hoton nan shi ya fi tayar wa mutuminku da hankali. Ya raɗa wa Hawwa ta bakin ƙofa cewa mutumin nan shaida yake tarawa, zai kai Japan a nuna wa duniya abin da aka ba shi a Bunkure. Ta ce saura taliyar da ta murza don dare. Ya ce a dafa. Ta ce mai ya ƙare. Ya runtse ido ya ce a buɗe sabuwar jarka. Hawwa ta tsaya tana kallonsa, domin tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba.

Taliya kuwa, jama'a, ashe nan ne gidansu. Baƙo ya kai kwano baki ya ja, zuuu, har awakin bayan gida suka ɗago kai. Mudassiru ya juya ga dattawa ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa jin yunwa ta yi ƙara haka ba. Kwano na uku ya fito fes.

Daga nan abu ya zama yaƙi. Mutuminku ya sa wuƙa ya yanka zakaransa da hannunsa yana ƙwalla. Kafin nama ya nuna, Hawwa ta bi ta kan katanga tana roƙon maƙwabta. Gidan liman suka ba da shinkafa da wake. Baƙo ya sassauta bel, ya cinye. Zakara ya iso, baƙo ya cire tabarau ya goge gumi, ya bi ƙashi ɗaya-ɗaya ya tsotse, ya jera su a gefen faranti kamar yadda ya jera takalma. Duk kwanon da aka dire, sai ya dubi mutuminku da idon tsoro, mutuminku ya dube shi da idon tsoro, kowa yana murmushi.

Unguwa ta ƙare kaf, saura gida ɗaya. Hawwa ta ce babu inda ya rage sai wajen Binta, matar Mudassiru. Mutuminku ya ce a je. Aka kawo dambu a wata samira mai ja da fure. Ana ajiyewa Mudassiru ya leƙo ya ce samirar nan kamar ya san ta a wani wuri.

Baƙo ya fara dambu a hankali, kowace loma sai ya tsaya ya yi numfashi. Ya ci ya ci, saura ɗan kaɗan a gindin samira, hannunsa ya tsaya. Mutuminku ya ga rahama ta sauko. Ya matso, ya nuna ragowar da yatsa.

“Don girman Allah, bawan Allah, ka bar wannan. Wannan kawai.”

Baƙo ya bi yatsan da kallo, ya ga abin da ake nuna masa, kunya ta kama shi. Ya sunkuya ya ba da haƙuri, ya tattara ragowar ya haɗiye.

Daidai nan Malam Lukmanu ya dawo. Ya tarar da baƙonsa jingine da darbejiya, ƙafafu a miƙe, ciki a gaba, kwanoni jibge a gefe. Ya yi salati ya tambayi abin da aka yi masa. Da aka ba shi labari sai ya dafe kai. Ya ce ai a garinsu barin ko ƙwayar shinkafa ɗaya a kwano wulaƙanta manomin da ya noma ta ne, ballantana ga manomin zaune yana kallo. Muddin kana zubawa, shi kuma sai ya ga bayanta, ko da zai mutu a kai. Kaɗa hannun nan kuwa ba fifita ba ne, cewa yake yi ya isa.

Mutuminku ya zauna daɓas a ƙasa. Amma sai dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, babbansu ya miƙe ya ce su dai tun tasowarsu ba su taɓa ganin an ciyar da mutum har ya kasa tashi ba. Daga yau duk wanda ya sake kiran wannan bawan Allah marowaci, da su yake. Kujerar ruwa kuma ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. Mudassiru ya sunkuyar da kai yana neman silifas ɗinsa. Mutuminku ya miƙe, ya gyara hula, ya fara karɓar gaisuwa, har ya manta da zakara.

Sai baƙo ya ɗaga yatsa da ƙyar, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Malam Lukmanu ya kara kunne ya fassara. Wai bai taɓa ganin karamci irin wannan ba. Abokan aikinsa su shida suna nan tafe, za su zauna har a yanke shinkafa, kuma ba zai yafe wa kansa ba idan suka ci abinci a wani gida ban da wannan. Ni dai ina zargin akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsa da su. Malam Lukmanu ya ƙara da cewa ya ga hotonsu, wannan shi ne ɗan ƙaraminsu. Dattawa suka ce ma sha Allah, ai dama baƙin gari na shugaba ne.

Mutuminku ya dubi tarin kwanoni, ya dubi gashin zakara da iska ke wasa da shi a ƙofar gida, ya dubi rumbu. Ya cire hular da ya gyara, ya kamo hannun malamin gona.

“Malam Lukmanu, faɗa masa da Turancin nan naku, ni marowaci ne. In bai yarda ba, ga Mudassiru nan, ya tambaye shi.”