Ranar da Katangar Pirzida Ta Faɗi Ba Takarda

Duk faɗin Gaya, daga bakin kogi har hanyar Doso, ba a taɓa yin mutum mai kishin katanga kamar Malam Ɗan'azumi ba. Shi ya sa mutanen Unguwar Kanya suka yi ta fama da ciwon haƙarƙari saboda dariya ranar da katanga ta ci amanarsa.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, mata na bi ta lungun bayan gidansa ɗauke da kifi da albasa. Shi kuma yana cikin makewayi, ya saɓe jikinsa da sabulu tun daga ƙeya har dunduniya, ido a rufe, yana bitar jawabin da zai yi wa unguwa. Sai katangar da ke tsakaninsa da lungu ta yi ɗan nishi, ta kwanta gaba ɗayanta kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa. Da ya ji rugugin, ko kusa bai kawo cewa tasa ce ba. Ya daka tsawa, idon nan har yanzu a rufe:

"Wane mara kunya ne ke rushe gini ba takardata?"

Ya laluba moɗa, ya wanke ido, sai ga mata wajen ashirin da jaki guda suna kallonsa. Ya kare gaba da moɗa, ya tuna da baya, ya mai da moɗa baya, ya tuna da gaba. Inna Basira mai suyar kifi, maƙwabciyarsa, ita ce ta tausaya ta cillo masa faifan da take rufe kifi. Da shi Malam Ɗan'azumi ya ja da baya har cikin gida, yana ƙarnin tarwaɗa.

Wanda bai san shi ba sai ya ce ai tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. To, Malam Ɗan'azumi ba kowa ba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana planto, wato masinja, a wani ofis, yana ɗaukar takarda daga wannan tebur ya kai wancan. Bai taɓa karanta ko guda ba, amma ya ce ilimin da ke cikinsu ya shige shi ta hammata. Da ya ajiye aiki ya dawo unguwa, sai ya tarar babu wanda zai kai wa takarda, babu kuma wanda zai hana shiga. Har ya fara ramewa.

Allah ya kawo masa magani. Gaya gari ne na bakin iyaka, kowa ya tsallako daga Malanbil ko ya ɓullo daga Kamba ɗaki yake nema da wurin ajiye kaya. Mutane suka shiga rushe gidajen gado suna jera ɗakunan haya, irin waɗanda ake ce wa antire-kushe, shiga ka kwanta ke nan, ko tagar kirki babu. Gidan da ka sani da zaure da bishiyar darbejiya, ka je Tunuga biki ka dawo, sai ka iske ƙofofi goma sha biyu da baƙin fuskoki. Dattawa suka zauna gindin kanya suka yanke cewa a wannan unguwa gida ɗaya na iyali ɗaya ne, kuma ba a rushe gidan gado a mai da shi na haya. Magana mai kyau, kowa ya shafa fatiha. Kuskure guda aka yi: aka tambaya wa zai riƙa sa ido. Kafin a rufe baki Ɗan'azumi ya riga ya miƙe yana gyara hula.

Mako bai zagayo ba ya sa an sassaƙo masa hatimi, ya sayi bokitin jan fenti da buroshi, ya ce daga yau sunansa Pirzida, wato shugaba da Faransanci. Dokar da dattawa suka faɗa cikin numfashi ɗaya, shi ya ja ta ta haifi ƴaƴa goma sha bakwai, kowace yana kiran ta artikil. Ba a cire ko tubali guda daga jikin gini sai da takarda mai hatiminsa. Takardar ba ta fita sai maƙwabcin da kuka haɗa katanga ya dangwala yatsa. Katangar da ta faɗi ba takarda, ko ruwa ya kayar da ita ko rago ya tunkuɗe ta, mai ita ya rushe ta ke nan: a shafa wa ƙofarsa jan fenti, kuma ba zai sake ɗora tubali ba sai rani.

Amma inda hikimar Pirzida ta fi fitowa shi ne wajen ƙirga iyali. Ya ce mutum yana ƙarya, hayaƙi ba ya yi. Iyali ɗaya tukunya ɗaya, tukunya ɗaya hayaƙi ɗaya. Kullum da safe sai ya hau kan gawar wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da ta mutu a bakin unguwa tun zamanin da, ya dafa ƙugu, ya bi gidaje da ido yana ƙirga hayaƙi. Yakuba mai facin taya, wanda rumfarsa ke daidai wurin, shi ya raɗa masa Sarkin Hayaƙi. Pirzida ya ji sunan, ya ɗauka sarauta ce, har ya ba Yakuba goro.

Ranar da aka yi suna gidan liman, hayaƙi biyar suka tashi. Liman ya fito sallar azahar ya iske ƙofarsa ja wur. Wani bawan Allah ya ƙona shara, shi ma ya sha fenti. Idan aka yi ƙorafi, Pirzida sai ya hau gawar motar nan ya yi jawabi:

"Ya ku jama'a, ni ba don kaina nake wannan wahala ba. Ni bango ne da ke tsaye tsakanin unguwar nan da lalacewa. Ranar da na kwanta, za ku ga abin da idonku bai taɓa gani ba."

Wannan magana an tuna masa ita daga baya.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce Inna Basira. Mijinta ya rasu, tana zaune da tsohuwar mahaifiyarta a ɗaki guda da ambaliyar bara ta tsaga tun daga sama har ƙasa, tsagar da kaza ke bi ta fita kiwo. So take ta sauke ɗakin ta sake ginawa kafin damina. Sau huɗu tana zuwa neman takarda. Pirzida ya ce ya daɗe da gano ta: hayaƙi biyu ke tashi gidanta. Ta ce ɗaya na tuwo ne, ɗaya na kifin sayarwa. Ya ce to kifin ai wani iyali ne. Ya ce dabararta ya sani, yau a rushe ɗaki, gobe a wayi gari da antire-kushe shida. Ita da tsohuwa suka koma kwana ƙarƙashin rumfar kara, ga hadari ya fara leƙowa daga wajen Zabori.

Ita ma Hajara, matar Pirzida, ta yi wata uku tana faɗa masa katangar makewayi ta jiƙe ta karkace, a sauke ta a sake. Ya ce idan aka ga shugaba yana rushe gini, me talaka zai yi? Ya ce katangar ta san gidan wa take.

To, ga ta nan a kwance. Kuma da a ce Pirzida kaɗai ta tona, da da sauƙi, don abin da aka gani a jikinsa ba wani abin tashin hankali ba ne. Sai dai katangar doguwa ce, ta zarce makewayi ta rufe wani fili a bayan gida da ba wanda ya taɓa sanin akwai shi. Da ƙura ta lafa, sai ga ƙofofi huɗu na kwano a jere, an rubuta musu lamba ɗaya, biyu, uku, huɗu, da wani jan fenti da duk unguwa ta sani kamar yunwar cikinta. A bakin ƙofa ta uku wani ƙato na zaune da gajeren wando yana dafa shinkafa, ga tukunya na tafasa, babu hayaƙi ko na sigari. Ashe kowane ɗaki Pirzida ya ajiye masa kwalbar gas. Sai a lokacin mutane suka gane dalilin da ya sa Hajara kaɗai ke hura itace a gidan, tana hawaye, shekara biyu.

Bayan la'asar aka taru gindin kanya, har da waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba, har da na wasu unguwanni. Pirzida ya zo cikin babbar riga, ya fesa turare don ya kashe ƙarnin faifai, bai mutu ba. A ransa ya riga ya shirya komai. Ya san mutanen nan, da Faransanci biyu uku ake rufe musu baki.

Ya ce waɗanda aka gani ƴan'uwansa ne na jini. Na ɗaki na ɗaya ɗan ƙanwarsa ne, na biyu jikan yayan babansa, na ukun nan kuwa, Sani, tun yana goye aka tafi da shi Kotonu, shi ya sa Hausa ta zube masa a hanya. Yakuba ya ce masha Allah, a kira Sani ya gaida dangi. Aka yi ta kiran Sani, ƙaton na tsaye yana waige-waige, yana taya su neman Sanin. Da aka tambaye shi sunansa da Faransanci ya ce Kosi, daga Lome, kuma ya ji daɗi da aka tara mutane, don tun daminar bara yake gaya wa patron, wato mai gidan, rufin ɗakinsa na yoyo.

Liman, wanda har yau ƙofarsa ba ta gama wankuwa ba, ya ce a bar maganar dangi, Allah ya san nasa. A koma kan katanga. Ya ce a karanto artikil ɗin da ya shafi katangar da ta faɗi ba takarda. Pirzida ya ce ya manta tabarau. Jama'a suka karanto masa da ka, baki ɗaya, kamar ƴan makaranta: jan fenti a ƙofa, ba gini sai rani.

Pirzida ya yi lissafi. Daga yanzu har rani wata bakwai ne, wata bakwai yana wanka a bainar lungu, ranar kasuwa da wadda ba ta kasuwa ba. Ya yi gyaran murya ya ce, a matsayinsa na hukuma, yana iya ba kansa takarda nan take. Aka ce haka ne, hatimi nasa ne. Saura yatsan maƙwabcin da suka haɗa katanga.

Kowa ya juya ya dubi Inna Basira. Tana zaune a gefe tana ɓare gyaɗa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Pirzida ya taka har gabanta, ya kira ta Hajiya, ita da ko Yamai ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce yatsanta na ciwo, sanyin kwana a rumfa ya kama shi. Ta ce kuma tana tsoro, don ta ga yadda ake yi: yau a ce katangar makewayi, gobe a wayi gari da lamba biyar da shida.

"Malam," in ji ta, "buga mini tawa tukuna, in ga ko yatsan zai saki."

Ya buga. Hatimin da ya yi wata biyar yana mata rowa ya sauka a takardarta har sau biyu, don na farko bai fito ba. Ta duba, ta ba liman ya duba, ta naɗe ta cusa a bakin zane, sannan ta dangwala masa yatsa mai man kifi. Ta ce kuma a dawo mata da faifanta, ko da yake ba ta jin za ta sake rufe abinci da shi.

Dattawa suka mai da doka yadda take tun farko, numfashi ɗaya. Aka ba su Kosi zuwa ƙarshen damina su nemi wuri. Bokitin fenti aka miƙa wa Basira, yanzu a ciki take zuba ƙayar kifi. Hajara ta kwashe kwalbar gas guda ta kai madafa, ta ce ko hayaƙin turare ba za ta sake shaƙa ba. Ɗakin Basira ya tashi kwana tara kafin ruwan farko. Sunan Pirzida kuwa aka bar masa, don ba wanda ke so.

Ran da magina ke ɗora sabuwar katangarsa, yana tsaye yana ba su umarnin da ba su tambaya ba, sai Yakuba ya biyo ta lungun yana gara taya. Ya gaida shi da ladabi, ya ce mata ne suka aiko shi: wai a bar musu ƴar taga a jikin ginin, saboda ranar kasuwa.

Pirzida ya gyara hula, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yakuba, shekara biyu ina leƙa gidajenku kullum safiya, ban ga abin da ya isa in ba wani labari ba. Ku sau ɗaya tak kuka leƙa nawa, har yau kun kasa rufe baki."