Ranar da na yi wa injin Malam wanka

Tun da Malam, maigidana, ya sayo tsohuwar akori-kura hankalina bai kwanta ba. Kullum in ya tayar da ita, baƙin hayaƙi ya cika gidan, jaririyata ta yi ta tari.

Wata rana ya kira bakanike daga Funtua. Ina leƙe ta zaure na ga mutumin yana jan totur, yana ɗiga ruwa a kafireto da gwangwanin madara, salansar motar tana aman baƙin hayaƙi. Wai kunkunniya ce ta taru a injin.

Na ce a raina, ashe wanki ne. Ni da nake kankare gindin tukunya tun ina yarinya, namiji zai nuna mini wanki da gwangwani?

Ranar Juma'a maza suna masallaci, mota tana kashe, na buɗe inda na ga ya buɗe, na juye mata bokiti guda, har da 'yar toka. Na koma ɗaki ina jiran godiya.

Malam ya dawo zai ɗauki audugar mutanen Tsiga, ya murɗa makulli, inji ya ce ƙwas, ya yi shiru. Sati uku motar tana tsaye, lodin ya koma hannun wani.

Bakanike ya leƙa ya ce, "Malam, kogi ka faɗa?"

Uwar mijina ta ce, "A'a, kogin ne ya biyo shi gida."

Har yau ko babur ya mutu a unguwa sai mata su ce, "A kira Injiniya." Don Allah, in kun zo neman gidanmu, ku tambaya da sunan maigidan.