Ranar Da Na Yaye Zanar Inna

Har gobe ba zan manta da hutun da na gyara wa Inna rumfar tuwonta ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike a kan yadda tsarin wurin kasuwanci ke shafar masu saye: haske, iska, wurin zama. Na dawo Birnin Kudu kaina ya kumbura, gani nake kowa a duhu yake.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, da tuwon nan take riƙe da marayunta. Rumfarta na bakin tasha, kewaye da tsohuwar zana, ciki tabarmi ne da duhu-duhu. Na ce mata mai saye fili yake so da haske.

"To, ɗan boko," ta ce, "in dai ciniki zai ƙaru, ga ka ga rumfar."

Na yaye zanar, na aro tebura da kujerun roba, na jera su suna kallon titi (har furen roba na ɗora, Allah ya yafe mini).

Ranar kasuwa manoman Sundimina suka iso kamar kullum. Su tsaya, su dubi kujerun, su dubi titi, su gaida Inna, su wuce. Tuwo ya yi kwantai. Washegari ma haka. Sai na ga Inna ta rage garin da take tuƙawa, abin ya sosa mini rai.

Na ce rashin sabo ne, bari in nuna misali. Na zauna a kujerar gaba, na naɗe hannun riga, na yanko loma ta kirki, miyar kuɓewa na dalala har gwiwar hannu. Sai motar Gwaram ta tsaya daidai gabana. Wa zai sauko? Mahaifin yarinyar da nake nema, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

"Malam, a ci lafiya," ya ce, ya kau da kai.

Loma ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na waiga neman maɓoya, babu, ni na cire zanar da hannuna. Bayan tukunya na tsugunna.

Da ya wuce, Inna ta ce, "Zanar na bayan ɗaki, ban bar awaki sun ci ba."

Kafin la'asar na ɗaure ta, washegari tabarmi suka cika. Tun daga nan, kafin in yaye zanar kowa sai na tambayi abin da take rufewa, don kowane mai cin tuwo yana da suruki.